Sarkin Karnukan Garin Sorum

Duk wanda ya taɓa shan kofin safe a shagon Darla da ke garin Sorum ya san Vern Tollefson, ko da bai yi niyya ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu gida-gida, da ya yi ritaya sai ya koma raba labari tebur-tebur. Babu abin da bai sani ba a duniyar nan. Amma fannin da ya fi ji da shi, wanda in ya fara sai kofinsa ya huce, shi ne sha'anin karnuka.

"Ni kare bai taɓa cizona ba," in ji shi wata safiyar Laraba, yana buga tebur da yatsa. "Ido kawai muke haɗawa, ya san shugaba ya iso."

Gordy Aune, maƙwabcinsa kuma abokin musunsa tun suna firamare, ko ɗago kai bai yi daga kan soyayyen ƙwansa ba. "Sau shida," ya ce. "Biyu ni na kai ka asibiti. Na ƙarshen ma karen matar fasto ne, wanda bai kai girman takalmina ba."

"Wannan ai ba cizo ba ne, gaisuwa ce ta yi yawa."

Abin da ya tayar da zancen kuwa shi ne matarsa, Marlys. Tun da 'yarsu ta kwashe jikoki ta koma Arizona gidan ya yi mata faɗi, sai ta fara zuwa taimako a gidan ajiye dabbobi na gunduma. A can ta haɗu da Opal, wata karya mai ruwan ƙasa da mai ita ya kawo ya ajiye bayan ta shekara huɗu a ɗaure cikin rumfar katako. Opal na tsoron maza, tana tsoron tsintsiya, tana tsoron ƙarar ƙofa. Sau biyu ana ɗaukarta ana dawowa da ita, na biyun don ta kai wa wani mutum hari da ya jawo ta daga ƙarƙashin gado. Dokar wurin ba ɓoyayyiya ba ce: karen da aka dawo da shi sau uku, ga wuri ya cika, allurar barcin da ba a tashi ce makomarsa. Marlys ta roƙa, aka ba ta gwajin kwana goma. In an cika lafiya, a sa hannu Opal ta zama tata.

"Wai Lorna, shugabar wurin, cewa take sai wata uku karyar za ta saki jiki," in ji Vern. "Kwana uku sun ishe ni. Asabar ta sama, ranar bikin masara, ku tsaya bakin titi. Za ku gan ta a gefena cikin fareti, kai a sama."

"Allah ya kai mu, sarkin karnuka," in ji Gordy. "Zan zuba wa mota mai saboda asibiti."

Washegari Lorna Pelkey, shugabar gidan ajiyar, ta kawo Opal da kanta. Gajeriyar mace ce mai furfura, wadda ba ta maimaita magana. Tana buɗe akwatin da ta kawo ta a ciki, karyar ta fito da ciki a ƙasa, ta wuce kicin kamar iska, ta cusa kanta bayan injin wanki.

"Ku bar ta a can," in ji Lorna. "Kada a kalle ta, kada a taɓa ta, kada a tara mata baƙi. Ba ta fita daga gidan nan sai bayan gida cikin shinge, da igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ƙirji. Vern, da kai nake."

"Ai ni kin zo gidan sani, Lorna."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ran Juma'a Marlys ta tafi ɗinkin bargo da matan coci. Ƙurar motarta ba ta kwanta ba Vern ya ɗauki waya. A iliminsa, maganin tsoron mutane shi ne mutane da yawa. Kafin rabin awa tsofaffi biyar na teburin kofi sun tuɓe takalma a bakin ƙofa, sun jeru a ɗakin wanki, kowa da gutsuren cuku a hannu, suna leƙen bayan inji.

"Ku kira sunanta tare," in ji Vern. "Da murya mai daɗi. Ɗaya, biyu, uku."

Tsofaffin nan suka haɗa baki suka kira, da muryoyin da suka sha taba shekara hamsin. Babu abin da ya fito daga bayan injin sai wani siririn ruwa mai ɗumi, ya biyo gangaren daɓe a hankali, ya zarce wurin safar Gordy.

Gordy ya dubi ƙafarsa. "Wannan ma gaisuwa ce?"

"Alama ce ta ta karɓe ka."

"To ka faɗa mata na gode, amma ba na dawowa."

Ran Litinin ya sake dabara. Ya ce matsalar tsayi ce: dole ya sauko daidai da ita, ya yi mata magana da harshenta. Marlys na fita kasuwa ya durƙusa da ƙafa huɗu, mutum mai shekara saba'in ba ɗaya, ya rarrafa zuwa ɗakin wanki yana wani gurnani. Yana juyawa zai kaɗa wutsiyar da ba shi da ita, bayansa ya ce ƙas. Ya zube a nan, kumatu a kan daɓe, ba gaba ba baya. Awa biyu ya yi a haka. Da Marlys ta dawo da ledojin cefane, a nan ta iske shi.

"Me kake nema a ƙasa, Vern?"

"An samu ci gaba," ya ce cikin nishi. "Ta fito. Ta tsallake ni ta je ta sha ruwa, ta sake tsallake ni ta koma."

"Ta ɗauka tabarma ce." Marlys ta ajiye kayan, ta kama shi ta ɗaga. "Don Allah ka ƙyale karyar nan. Jiya ta ci abinci daga hannuna. Saura kwana biyar, Vern. Biyar kacal nake roƙonka."

Ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin, don kunnensa lafiya lau yake. Sai dai a shagon Darla kullum da safe sai an tambaye shi ko an ɗinka wa Opal rigar fareti, shi kuwa gara masa ciwon baya da dariyar Gordy. Ran Laraba, da Marlys ta tafi wurin likitan haƙori, ya lallaɓa ya ɗaura wa karyar igiya ɗaya a wuya. Ta ƙirjin ya ce ta masu koyo ce. Ya jawo ta waje don a gwada tafiyar fareti.

Har ga Allah sun yi tafiyar gida shida lafiya, in ana kiran jan buhu tafiya. Suna isa filin makaranta 'yan badujala suka fito gwajin nasu faretin. Mai babbar ganga ya ɗaga hannu ya sauke sau ɗaya. Opal ta ja da baya, ta sunkuyar da kai, abin wuyan ya zame ta kunnuwanta. Ta tsallake titi, ta faɗa gonar masarar Arlen Bjerke, eka ɗari huɗu, masara ta fi tsayin mutum, ta bushe tana jiran injin girbi. Bayan gonar kuma babbar hanya ce da tireloli ke bi dare da rana. Vern ya tsaya riƙe da igiya, abin wuya yana lilo.

Lorna ta iso cikin minti ashirin, ta same shi da Marlys a bakin gonar. Rabin bakin Marlys bai saki daga allurar haƙori ba, hawaye na bin kumatunta.

"Wa ya fito da ita titi?" in ji Lorna.

Vern ya buɗe baki, yana neman yadda zai ɗora laifin a kan mai ganga. Marlys ta riga shi. "Mu ne," ta ce. Shekara arba'in da huɗu tana rufa masa asiri, abin ya zame mata jiki.

Lorna ta juyo gare ta. "Ban zaci haka daga gare ki ba, Marlys. In muka same ta da rai, komawa da ita zan yi. Kin san abin da hakan ke nufi, ni ma ba daɗi zai yi mini ba." Ta juya ga 'yan kallo da suka fara taruwa. "Ku saurara. Karen da tsoro ya kora ba a binsa, ba a kiransa. Ko mai shi ba ya ganewa. Zan ɗana keji a bakin gona da gasasshiyar kaza a ciki, yunwa za ta kawo ta. Arlen ya yarda ya ɗaga girbi zuwa Asabar da azahar. Wanda ya gan ta ya kawar da kai ya bugo mini."

Ta kafa kejin, wani babba na ƙarfe mai ƙofar da ke faɗowa in an taka faranti. Ta ɗaure kyamara a jikin turke, irin wadda in abu ya motsa take tura hoto zuwa zauren waya na masu nema. Kafin yamma mutum ɗari uku sun shiga zauren, don a Sorum ba kullum ake samun abin kallo ba.

A mota Marlys ba ta ɗaga murya ba. "Ina son karyar nan, Vern," ta ce. "Tun da 'yarmu Karin ta tafi da yara ban ji ina ɗokin tashi da safe ba sai satin nan. Ka yi mini abin da ya yi mini ciwo."

Maganar ta soke shi ƙwarai, ba ƙarya. Amma shi Vern in abu ya dame shi, ba shiru yake yi ba, shiri yake yi. Zaman jiran kaza aikin mata ne, a ganinsa. Mazan Sorum sun san yadda ake fito da dabba daga masara: kowace kaka haka suke koro barewa, a jeru a layi a ratsa gona ana hayaniya, wasu su tare ƙarshe. Ran Alhamis da hantsi ya tara maza goma sha huɗu, kowa da rigar farauta mai launin lemo, ya aro lasifikar mai gwanjon shanu.

"Lorna ta san da wannan?" in ji Gordy.

"Za ta sani idan na miƙa mata karyar."

"Ni dai na zo ne don kada a ba ni labari."

Suka shiga. Vern na tsakiya yana kwarara sunan Opal ta lasifika har ana jiyowa a gidan mai. Suka koro barewa uku. Suka koro garken talotalon daji, ɗaya ya doke hular Gordy. Mutum biyu suka ɓace, sai da aka koma aka nemo su. Can Vern ya ga masara na motsi a gabansa, wani abu ya laɓe a gindin kara.

"Na same ta," ya sanar ta lasifika. "Kowa ya tsaya ya ga aiki."

Ya ajiye lasifikar, ya yi tsalle ya rufa da hannu biyu. Abin da ya rufa baƙi ne mai farin layi a baya. Ashe bodari ne, ya ɗaga wutsiya ya feshe shi da ruwansa mai wari tun daga haɓa har gwiwa.

Layin farauta ya watse ba tare da an ba da umarni ba. Ana cikin tari da tofar da yawu wayar Gordy ta yi ƙara. Wani direba ne ya ga karya mai ruwan ƙasa ta fito a guje ta bayan gona, ta hau kwalta, tirela ta taka birki har hayaƙi ya tashi, ta juya ta koma cikin masara. Saura ƙiris. Lorna ta zo ta tsaya nesa da Vern, bakin iska, ta toshe hanci. Ba ta zage shi ba. Ta ce in ta sake ganinsa kusa da gonar, ɗan sandan gunduma ne zai zo ya yi masa magana.

A bayan gida aka yi masa wanka. Marlys ta fito da kwalaben tumatirin da ta dafa ta adana don hunturu, ta jere su a kan matakala, ta koma ciki ta rufe ƙofa. Gordy ya tsaya bayan shinge da tiyo, yana ba da umarni.

"Bayan kunne, sarkin karnuka. Ka goga sosai."

"Da ba ku yi saurin watsewa ba da yanzu tana gida."

"Haka ne. Juya in wanke maka mulkin."

Tumatir kwalba goma sha biyu suka ƙare, wari bai tafi ba, sai dai ya koma warin bodarin da ya faɗa miya. A baranda ya ci abinci kwana biyu.

Juma'a ta wuce, keji bai kama komai ba sai kyanwar matar fasto. Asabar ta waye, ranar biki, ranar girbi, kuma rana ta goma. Vern ya tashi da sassafe da tabbacin ya gano matsalar: Lorna ba ta iya ɗana tarko ba. Farantin ya yi tauri, sakatar ta yi sako-sako. Gyaran minti biyar ne, ya dawo ba wanda ya sani. Ya manta da kyamara sam.

Hoton farko da ya shiga wayoyi ɗari uku shi ne na Vern tsaye da filaya a hannu. Na biyu, yana lanƙwasa sakatar ƙofa don ta riƙe da kyau. Na uku, ƙafafunsa ne kawai a waje, ya rarrafa ciki zai duba faranti. Na huɗu, ƙofa a rufe, fuskarsa a jikin ƙarfe, gasasshiyar kaza a cinyarsa.

Ya tura ƙofar, ya ja, ya doka da ƙafa. Gyaransa ya yi kyau, sakata ta riƙe gam. Wayarsa ta hau tsuwa a aljihu. Saƙon Gordy ne farko: an kama babba, a kawo sikeli. Darla ta tambaya ko an yi masa rigakafi. Yana shirin ba su amsa sai kiran Lorna ya shigo.

"Lorna, bari in yi miki bayani, wannan sakatar taki..."

"Rufe bakinka," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kada ka juya. Tana bayanka a bakin masara, kyamara ta nuna ta. Kwana uku ba ta ci ba. Warin da kake yi ya rufe warin mutum, shi ya sa ba ta gudu ba. Ka cire sautin waya. Ka yagi kaza kaɗan-kaɗan, ka tura ta bayanka tsakanin ƙarafa. Kada ka kalle ta. In ka furta kalma ɗaya, Vern, ta tafi ke nan, injin Arlen kuma yana shiga da azahar."

Tun da aka haife shi ba a taɓa ɗora masa aiki mai nauyin wannan ba. Ya zauna a dunƙule, gwiwa a haɓa, baya na zogi, yana yagar kaza. Maganganu suka riƙa taso masa har maƙogwaro yana haɗiye su. A shagon Darla an daina cin abinci, kowa ya sa waya a gaba, ana musu ko zai kai minti goma. Gordy ya ce biyar ma ba zai kai ba.

Ya kai ashirin. Sai ya ji numfashi a bayansa, da ƙaramar ƙarar tauna. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya bar shi. Ƙafarsa ta mutu, ya bar ta. Ta gefen ido ya hango Marlys ta taho ta bakin hanya a hankali, da rigar barcinta a ƙarƙashin kwat. Ba ta nufo su ba. Ta zauna a ƙasa can nesa, ta ba su gefe, ta ɗora hannu a kan ciyawa. Taunar ta tsaya. Vern ya ɗauka shi ke nan.

Sai da aka yi wani rabin awa. Opal ta yi taku biyu ta koma ɗaya, ta zagaya, ta shinshina iska. Ta rame, ƙaya ta cika mata jiki. Can ta sunkuya, ta ja ciki ta isa, ta cusa kanta a hammatar Marlys. Marlys ta ɗaura igiyar wuya, ta ɗaura ta ƙirji, sannan ta kifa fuska a bayan karyar ta yi kuka mai isarta. An ce a shagon Darla har da masu share ido da takardar goge baki.

Saura fito da Vern. Lorna ta gwada, Arlen ya gwada, sakata ta ƙi. Kejin shi kaɗai gunduma ke da shi, Lorna ta ce ba mai yanka mata ƙarfe a gona, sai dai a kai ofishin 'yan kwana-kwana su kwance ƙofar da kayan aiki. Arlen ya kawo tarakta, ya ɗaga keji da mutum a ciki, ya ɗora a kan keken ɗaukar ciyawa.

"Ka bi ta bayan gari, Arlen," in ji Vern. "Don girman Allah."

"An rufe ko'ina saboda fareti. Hanya ɗaya ce."

Haka tarakta ta shiga layi tsakanin 'yan badujala da motar sarauniyar masara. Duk garin yana bakin titi a kan kujerun ninkewa. A al'ada masu fareti ne ke jefa wa yara alewa, amma ranar yara ne suka riƙa jefa wa keji. Gordy ya samo kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe, yana tafe a gefe yana ɗaga shi: ANA NEMAN MAI RIƘO. BA YA CIZO, SAI SURUTU. Mai sanarwa ya duba takardarsa bai ga wannan a jeri ba, sai ya ce a tafa wa gidan ajiye dabbobi na gunduma. Aka tafa, masu bakin iska suna toshe hanci. Matar fasto ta ɗaga ɗan karenta sama don ya gani da kyau.

"Kai a sama, sarkin karnuka," in ji Gordy. "Haka ka yi alkawari."

Rabin masu kallon suka bar fareti suka biyo keken har ofishin 'yan kwana-kwana. Marlys ta riga su isa ta wata siririyar hanya da tarakta ba ta iya bi, ta faka a inuwa can gefe. Opal na kwance a ƙasan kujerar baya, an lulluɓe ta da bargo. Lorna ta fito daga tata motar da akwatin da ta kawo karyar a ciki. Ganin akwatin nan sai dariya ta ɗauke.

"Ki yi haƙuri, Marlys," in ji Lorna. "Na faɗa tun ran Laraba. Gidan da ya fitar da ita titi ba zan iya barin ta a ciki ba."

Marlys ta juya wurin motarta. Ta sa hannu a marfin motar, ta kasa buɗewa.

"Lorna." Muryar daga cikin keji ta fito, a dashe. "Ba mu ba ne. Ni ne. Tana wurin likitan haƙori, ba ta san na fita da ita ba. Ni na tara mata tsofaffi a ɗakin wanki. Ni na koro ta kan kwalta." Ga mutum fiye da ɗari suna ji. "Ban san komai game da karnuka ba. Tsoronsu ma nake ji, shekara talatin da ɗaya ina ji. Matar nan ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. In ni ne matsalar, akwai gado a gareji. Ki bar mata karyarta."

Gordy ya juya kwalinsa ya kife a ƙasa.

Lorna ta ajiye akwatin. "Gaskiya ne, Marlys?"

Marlys ta gyaɗa kai.

"To me ya sa kika ce ku ne?"

"Mijina ne," ta ce. "Sakarai ne, amma nawa ne."

Lorna ta dubi mutumin da ke cikin kejinta. Sannan ta zaro takarda daga aljihun kwat, ta ɗora a kan motar. "Da sunanki ke kaɗai. Shi kuma wata uku a gareji. Ba ya riƙe igiya, ba ya ba da shawara. Duk sati zan leƙo." Ta sa hannu, ta miƙa wa Marlys biro.

Shugaban 'yan kwana-kwana ya matso da akwatin kayan aiki. "Mu buɗe shi, Marlys?"

Marlys ta ninke takardar ta sa a ƙirji. Ta je bakin kejin, duk da warin, ta zura yatsu tsakanin ƙarafa ta riƙe nasa, masu maiƙon kaza. "Ku ba ni rabin awa tukuna," ta ce. "In kai ta gida, ta ci, ta kwanta ba hayaniya."

Vern ya dubi motar, inda bakin hanci ya leƙo daga ƙarƙashin bargo. Ya gyara zama a kan farantin tarko, bayansa na zogi.

"Ku ba ta awa ɗaya," ya ce.